Gashin Aku a Gurbin Jan Fure

Shekara goma sha takwas ke nan Dulcie Treloar tana maƙala wa surukarta jan fure a ƙirji duk ranar sha ɗaya ga Nuwamba, kuma ba shekarar da ba ta yi fatan fil ɗin ya zarce har zuciya ba.

Ba wanda ya sani. Ai in ka tambayi mutanen Wirrabin, ce maka za su yi ba a taɓa yin matar ɗa irin Dulcie ba. Tun da yana ta rufe wa tsohuwa Lavinia ido, ita ke mata wanka, ita ke taje mata kai, ita ke yanka mata naman rago ƙanana-ƙanana saboda haƙoran sun ƙare. Ranar tunawa da mazan da yaƙi ya ci kuwa, ita ke riƙe da gwiwar hannunta har kujerun farko a gaban dutsen da aka sassaƙa sunayen mamatan a jikinsa, inda ake zaunar da uwayen da suka ba da 'ya'yansu. Haka ake faɗa a garin nan, wai "suka ba da". Duk sanda Dulcie ta ji wannan magana sai ta ji kamar ta tofar da yawu.

Furen na ƙyalle ne, fofi, ja wur da baƙin ido a tsakiya, irin wanda mazan da suka dawo suka ce ya rufe kaburburan 'yan'uwansu a can ƙetare. Matan coci ke ɗinka su, Dulcie ce ma ta fi kowa hannu. Mijinta Horace, wanda kowa ke kira Horrie, shi ne na goma sha huɗu a jikin dutsen.

Horrie bai kamata ya je yaƙin nan ba, kowa ya san haka. Ciwon ƙirji gare shi tun yana ƙarami, in ya hau tudu sai ka ji shi yana huci kamar tsohuwar zugazugi. Sau biyu yana kai kansa wurin likitan soja, sau biyu ana ce masa ya koma gona. Ya dawo ya kama noman alkamarsa, ya auri Dulcie, ta samu ciki. Ana nan, ran nan a ƙarshen shekarar 1916 suna cin abincin rana su uku, aka kawo wasiƙa daga gidan waya. Horrie ya sa wuƙar man shanu ya farke ambulan ɗin, ya zazzage. Ba takarda a ciki. Farin gashin tsuntsu guda ɗaya ne ya sauko a hankali ya kwanta a kan farantinsa.

Ba sai an fassara wa kowa ba. A shekarun nan farin gashin tsuntsu saƙo ɗaya yake ɗauke da shi, kuma ga mutum iri ɗaya ake aika shi: namijin da ya zauna gida alhali sa'o'insa na can suna mutuwa. Ragon maza, matsoraci, ɗan ɓuya bayan mata. Horrie ya dube shi, kunnuwansa suka yi jawur. Ya yi 'yar dariya wadda ta juye ta zama tari, ya ɗauki abin ya sa a aljihu. Uwarsa kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ci gaba da zuba shayi. Kafin sati ya zagayo ya koma wurin likitan soja karo na uku, lokacin kuwa sojoji sun daina zaɓe, mai tari da mai ɗingishi duk ɗauka suke. Watan Oktoba na shekarar da ta biyo laka ta haɗiye shi a Beljiyam, bai taɓa ganin ɗansa Lyall ba.

Bayan wata takwas aka aiko da kayansa a ɗan ƙunshi: lofe, agogon da ya tsaya, da ƙaramin Littafi Mai Tsarki. A tsakiyar littafin Dulcie ta sami gashin. Har can ya tafi da shi, bawan Allah! Ta kai shi bakin taga ta duba da kyau, abin da ba ta samu ta yi ba ranar da ya zo. Ba na kaza ba ne. Ƙasansa da ɗan rawaya-rawaya, na farin aku ne mai tukku. To farin aku ai ya cika daji, garke-garke suke sauka a gona. Amma na daji in ya yar da gashi da tsininsa yake yarwa, wannan kuwa gindinsa a datse yake tas, aikin almakashi. Aku ɗaya ne a duk Wirrabin ake datse wa fiffike, shi ne Kyaftin, akun Lavinia, wanda ke ɗaure a barandarsu. Kuma Dulcie da hannunta ta naɗe shi a tawul a wancan satin, tsohuwa na datsewa. Ta ma tuna yadda tsohuwar ta tattara gashin ta zuba a aljihun gaban rigarta maimakon ta watsa a murhu.

Uwar da ta haife shi. Don kawai matan coci suna zancen 'ya'yansu da ke bakin daga, ita ba ta da abin faɗa.

Me ya hana Dulcie magana? Jariri a hannu, iyayenta sun rasu, gona da gida na tsohuwa ne, ina za ta? Ta haɗiye, amma bai narke ba. Ta sa gashin a gwangwanin biskit ƙarƙashin guntayen jan ƙyalle ta rufe. Shekara ashirin da biyu tana dafa wa matar nan abinci, tana kallon gari na miƙe mata tsaye in ta shigo coci. Abin haushi kuma, aku tsuntsu ne mai tsawon rai. Kyaftin yana nan daram a baranda, kuma duk abin da ya riƙe a duniya bai wuce tarin Horrie ba. Da safe sai ka ji mamaci yana tari a ƙofar gida, ƙahau-ƙahau, har da ɗan shaƙar nan ta ƙarshe.

Da haka aka zo shekarar 1939, Jamus ta sake tayar da ƙura, aka sake buɗe rajistar soja a babban gari. Lyall ya cika ashirin da biyu, dogo, kafaɗa kamar ƙofa, ƙirjinsa lafiya lau. Shi ke riƙe da gonar, kuma shi ke busa begila a ranar tunawa tun yana ɗan sha biyar.

Ran Laraba, kwana uku kafin ranar, suna cin abincin rana Lavinia ta ajiye cokali.

"Na ji 'ya'yan Pascoe sun sa hannu," in ji ta. "Biyu rigis! Uwarsu sai taku take ɗai-ɗai kamar ta haifi sarakuna."

"Kaka, ci abincinki zai huce," in ji Lyall. "In na tafi wa zai yanke miki alkamar? Ke da sandarki?"

"Kai tafi can, ja'iri. Kullum alkama, kullum alkama, sai ka ce a kanka aka fara noma."

"To ai ni ne mai gidan naki. In na bar ki, wane tsoho zai kwashe ki a haka?"

Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta juyo da fararen idanunta wajen muryarsa.

"Ubanka bai tsaya ƙirga buhu ba. Sau uku yana zuwa da ƙafarsa, da ciwonsa da komai. Ba wanda ya tura shi."

Wuƙar Dulcie ta goce ta kankari faranti, ƙiiii. Lyall ya dube ta. Ta ce ƙashi ne.

Da la'asar ya same ta wajen tankin ruwa tana ɗauraye kwanoni.

"Inna, kada ki sa maganarta a ranki, tsufa ne. Na ce miki ba inda za ni, to ba inda za ni."

Amma bai kalle ta ba da yake faɗa, kuma kunnuwansa sun yi ja irin na ubansa. Ta kuma lura sati uku ke nan bai leƙa mashaya ran Asabar ba, tun da masu sabon kaki suka fara cika ta. Ruwa na cin ƙasa a hankali, ta gani da idonta. Tsohuwar nan ta ci mata miji, yanzu ta gyara zama za ta ci mata ɗa.

A nan fa, jama'a, sai a faɗi gaskiya ko da Dulcie ba za ta so ba. Gwangwanin biskit ɗin nan taku goma ne tsakaninsa da tankin. Da ta ja hannun ɗanta ta buɗe masa, ta nuna masa gindin gashin, ta ce ga abin da kakarka ta yi, da magana ta ƙare a nan, da bakin tsohuwa ya mutu a kunnensa har abada. Ta yi wannan tunani, kada a ce ba ta yi ba. Amma fushin shekara ashirin da biyu ya fi ƙarfin ɗakin girki. A gaban gari aka ɗaukaka Lavinia, a gaban gari take so ta ga an sauke ta. So take matar Pascoe ta gani, fasto ya gani, mazan da suka dawo da hannu ɗaya da ido ɗaya su gani. Ta ce wa ranta don Lyall za ta yi. Ƙarya take yi wa ranta, don kanta ne, kuma daɗin abin har ya hana ta cin abinci kwana biyu.

Ranar ta faɗo Asabar. Tun da hantsi rana ta buɗe, alkama ta yi rawaya har iyakar gani. Lyall ya goge begilarsa, ya maƙala furensa, ya hau keke ya yi gaba don su gwada da masu ganga. Dulcie ta sa wa tsohuwa baƙar rigarta ta kowace shekara, ta ɗaura mata hula, ta zura mata safar hannu. Sannan ta shiga ɗaki ta buɗe gwangwanin. Gashin ya ɗan dushe, amma a kan baƙar riga zai yi fari tas.

"Yau kin daɗe," in ji Lavinia.

"Fil ɗin ne ya dakushe, Mama."

"Ki sa shi daidai kan zuciya. Bara kin karkatar da shi, matar fasto ta gyara min a gaban mutane."

"Yau ba mai gyara miki. Daidai kan zuciya yake."

Tsohuwa ta ɗaga hannu za ta shafa, Dulcie ta yi maza ta danƙa mata kambin furannin da za a ajiye wa Horrie, ɗaya hannun kuma ta sa mata sanda. Ta yafa mata mayafi ta rufe ƙirjin.

"Mayafi a wannan zafi? Kashe ni za ki yi?"

"Ƙurar hanya za ta ɓata miki riga. In mun zauna na cire."

Da ta tayar da a-kori-kura, Kyaftin ya miƙe tukkunsa ya yi musu tarin Horrie. Dulcie ta dube shi ta cikin taga, a karo na farko a rayuwarta ta yi masa murmushi.

Gari duk ya hallara a gaban dutsen, mutum ya kai ɗari uku, ba ƙirjin da babu jan fure. 'Yan makaranta sun yi layi. Tsofaffin sojoji sun jera da lambobinsu, gefensu kuma samari shida cikin sabon kaki, har da 'ya'yan Pascoe, wuyansu duk ya yi ja don ƙaiƙayin yadi. Da Lavinia ta iso aka dare mata hanya, maza suka cire huluna. Dulcie ta zaunar da ita a kujerar tsakiya, ta zauna kusa da ita, tana maimaita a zuci kalmomin da ta daɗe tana wasawa. Bayan shirun minti biyu da ake yi wa mamatan za ta miƙe. Za ta ce, ku dubi abin da ke ƙirjin matar nan da kuke cire wa hula.

Clarrie Hocking, wanda ya baro hannunsa na dama a Faransa, ya hau matakala ya karanta sunaye ashirin da bakwai, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Da ya zo kan Horace Treloar, tsohuwa ta ɗaga haɓa kamar yadda ta saba. Ya gama ya koma gefe. Lyall ya hau inda ya sauka, ya fuskanci jama'a, taku uku tsakaninsa da kujerun farko. Ya ɗaga begila ya busa kiran kwanciyar soja, wanda ko dutse ne a ƙirjinka sai ya motsa.

Sautin ƙarshe na dusashewa, agogon gidan waya ya fara buga sha ɗaya. Dulcie ta sa yatsu biyu ta zare mayafin ta ninke a cinyarta.

Shirun minti biyu a Wirrabin ba wasa ba ne. Mai keken doki yakan ja linzami a tsakiyar titi, maƙeri ya ajiye guduma, uwa ta toshe bakin jariri da nono. Ba a tari, ba a gyara tsayuwa, ko ƙuda ya sauka a idonka sai dai ka bar shi. Da wannan Dulcie ta yi lissafi: minti biyu cur matar nan za ta zauna da abin kunyarta a ƙirji, ba mai ikon cire mata, ba mai ikon raɗa mata.

Matar Pascoe ce ta fara gani, daga kujerun da ke kallon nasu. Idonta ya fito. Ta taɓa ta kusa da ita da gwiwa. Abin ya bi layi kamar wuta a busasshiyar ciyawa, tsofaffin sojoji, fasto, Clarrie Hocking, masu sabon kaki. Dulcie ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga wuya har tafin ƙafa. Yau dai! Ta bi fuskokin ɗaya-ɗaya tana jira su ɗago daga gashin su kalli fuskar tsohuwa.

Suka ɗago. Amma ba tsohuwa suka kalla ba.

Lyall suka kalla. Yana tsaye shi kaɗai a kan matakala, da farar rigarsa ta zuwa coci, a gaban sa'o'insa shida masu kaki, sunan ubansa a bayan ƙeyarsa.

Wayyo Dulcie! Shekara ashirin da biyu tana kallon gashin nan ita kaɗai, har ta manta ita kaɗai ta san zancen almakashi. A wurinta shaida ce a kan mai laifi. A wurin gari kuwa farin gashi maganarsa ɗaya ce tun fil azal, kuma ba da tsofaffin mata yake yi ba. Abin da mutum ɗari uku suka gani shi ne, makauniyar da ta ba da ɗanta ta cire jan fure, ta sa farin gashi, ta zo ta zauna a gaban jikanta da ya ƙi tafiya.

Lyall ya sauke begila daga ƙirjinsa. Ya ga ana kallonsa, ya bi idanun ya ga abin da suka baro. Jan ya taso daga wuyansa ya kama kunnuwa, sannan ya janye gaba ɗaya, fuskar ta koma fari fat. Ya dubi kakarsa. Sai kuma a hankali ya juyo ya dubi uwarsa, don duk Wirrabin an san Lavinia ko maɓalli ba ta iya sa wa kanta.

"Lyall, ba naka ba ne!"

Tun da aka fara al'adar shirun nan ba a taɓa jin muryar ɗan Adam a cikinsa ba sai ranar. Wata mata ta dafe ƙirji. Clarrie Hocking ya zaro ido kamar an mare shi. Dulcie tana tsaye, mayafin ya faɗi ƙasa, kalmomin da ta jera tsaf duk sun watse.

"Na ubanka ne! Ita ta aika masa, ita, uwarsa! Ku duba gindin, almakashi ne, na akunta ne, ni na riƙe mata shi a tawul! Sau biyu likita na dawo da shi, ta ga ba ta da abin faɗa a coci, ta aika masa. Ya dawo min a cikin kayansa. Ba wanda ya tura shi, ko? Faɗa musu, Mama! Faɗa musu ba wanda ya tura shi!"

Kambin furanni ya suɓuce daga hannun tsohuwa ya gangara. Ta kai hannu ƙirji, safa ta hana ta ji. Ta sa dasashi ta cije bakin safar ta zare. Yatsunta suka bi gashin daga sama har ƙasa, suka tsaya a inda almakashi ya datse. Haɓar nan da ta shekara ashirin da biyu a ɗage ta sauko. Bakin ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, abin da ya fito kawai shi ne, "Horrie." Matar da ke zaune a ɗaya gefenta ta ja kujerarta baya kaɗan.

Dulcie ta gani, kuma ba za a ɓoye ba, ya yi mata daɗi. Numfashi ɗaya ta yi cikin wannan daɗi, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da ƙunshin ya zo.

Sai begila ta tashi. Lyall ne yake busa kiran tashi, wanda ake rufe shirun da shi, ko rawa sautin bai yi ba. Ya gama, ya sauko matakala, ya durƙusa gaban kakarsa ya zare fil ɗin. Ya cire furen ƙirjinsa ya maƙala mata daidai kan zuciya. Ya ɗauki kambin daga ƙasa, ya karkaɗe, ya kai gindin dutsen ƙarƙashin suna na goma sha huɗu. Gashin kuwa ya sa shi a aljihun rigarsa ya ɓalla maɓalli, ya ratsa jama'a ya fita.

A bayan zauren coci ta cim masa, yana ɗaure begilar a bayan keke.

"Ka ji abin da na faɗa?"

"Na ji, Inna."

"Ka yarda?"

"Na yarda. Ai na ga hannunta."

"To ba ni shi in jefa a murhu, mu tafi gida."

Ya gama ƙulla igiyar kafin ya amsa.

"Na gaba sun ji ki. Na baya fa? Na kan titi, da 'yan makaranta, da waɗanda suka hango daga barandar mashaya? Gashi suka gani, suka gan ni. Kafin yamma labarin ya kai garuruwa uku, kuma ba da almakashi zai tafi ba. Gida-gida zan bi ina cewa ba nawa ba ne?"

"Ni zan bi! Wallahi gida-gida zan bi!"

"Ki bi. Za su ce uwarsa ce ke yawon wanke shi."

Ta kama hannun keken da hannu biyu. Ta ce alkama fa, saura kwana goma a fara yanka. Ta ce ya yi mata alkawari wajen tanki. Ta ce ubansa ma da ya tsaya ya yi tunani. Ya bar ta ta faɗi duk abin da za ta faɗa, sannan ya ɗago ya dube ta, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Inna, shekara ashirin da biyu muna cin abinci a tebur ɗaya. Me ya hana ki faɗa min a gida?"

Ta ƙara damƙe hannun keken.

Ya ɓamɓare yatsunta daga hannun keken ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya sumbace ta a goshi. Ko gida bai koma ɗaukar kaya ba. Jirgin ƙasa na ƙarfe biyu da rabi ya shiga, ya bar keken da begilar a wurin mai tasha ya ce a ba uwarsa.

Da ta dawo gaban dutsen jama'a sun watse. An bar Lavinia ita kaɗai a tsakiyar kujeru, cikin rana, safa ɗaya a hannu ɗaya a ƙasa. Yau ba wanda ya kama mata hannu, ba wanda ya cire mata hula. Abin da Dulcie ta roƙa ke nan, an kuma ba ta cif. Ta ɗaga ta, ta sa ta a mota, suka kama hanya.

A gida ta zaunar da ita a tebur, ta ɗauko sauran naman jiya mai sanyi. Faranti uku ta jera kafin ta tuna, ta mayar da ɗaya. Can nesa jirgi ya yi kuka a mararrabar gonar Pascoe. Kyaftin ya amsa daga baranda da tarin Horrie.

"Ya tafi?" in ji tsohuwa.

"Ya tafi."

Lavinia ta shafa jan furen da ke ƙirjinta da yatsa ɗaya. Muryarta da ta fito ta dushe, amma dafin yana nan.

"Ni dai nawa a ambulan na sa."

Dulcie ta tsaya da wuƙa a hannu, tana kallon siririn wuyan nan mai rawa. Sannan ta jawo farantin gabanta ta shiga yanka naman ƙanana-ƙanana, don ba wanda ya rage a gidan da zai yanka mata.